A Ba Da Jini Don Ceton Yara

Maganin sankarar jini yakan kashe cutar, amma yakan raunana ɓargo, inda jini ke samuwa. Kwana 7 zuwa 14 bayan magani jinin yaro yakan ragu ƙwarai, ɓargon kuwa sai mako 3 ko 4 yake farfaɗowa. Uban da ya ɗauko ɗansa daga Baure zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano kada ya karaya ya koma gida a wannan tsakani, domin ƙarin jini shi ke riƙe yaro har ɓargo ya murmure. Saboda haka muna kira ga ma'aikata da ɗaliban ƙasar Daura su riƙa ba da jini sadaka. Allah ya sa a ji.