Gamzaki da Zara: tauraro ɗaya, suna biyu

Duk ƙarshen Disamba, in aka fara gaisuwar bonane a Yamai da Maraɗi, ba a rasa ɗalibin da zai ce bikin banza ne, tunda duniya ba ta ƙetare wani layi a sararin samaniya a daren 31 ga wata. Ta nan yana da gaskiya. A 1582 Paparoma Giregori na 13 ya share kwana 10 daga kalanda, mutane suka kwanta ran 4 ga Oktoba suka tashi ran 15, rana kuwa ba ta fasa fitowa ba. Kuskuren yana cikin hukuncin da ake ɗorawa a kan wannan, wai duk abin da mutane suka ƙaga ba shi da ma'ana.

Bai kamata ɗalibin kimiyyar harshe ya faɗa wannan rami ba. Tun darasin farko na Saussure ake koya masa cewa babu wata dangantaka ta halitta tsakanin kalmar "wata" da abin da ke haskaka dare. Yarjejeniyar masu magana ce ta haɗa su. In rashin wannan dangantaka yana kashe ma'ana, to ƙamus ɗin Hausa gaba ɗaya fanko ne.

Hausa ma tana da misalin da ya fi na littafi. Gamzaki da ke fitowa da asuba da Zara matar wata da ake gani bayan magariba abu ɗaya ne, duniyar Zuhura. Da wannan tauraro ne Frege ya bambanta ma'anar kalma da abin da take nunawa a 1892. Mai ilimin taurari zai ce suna ɗaya ya wadatar. Amma matafiyin da aka ce ya tashi da fitowar Gamzaki, in ya tafi neman Zara, ayari ya bar shi. Kowane suna yana ɗauke da lokacinsa da aikinsa.

Haka batun Fuluto. A watan Agusta na 2006, a birnin Farag, ƙungiyar masana taurari ta duniya ta kaɗa ƙuri'a ta cire shi daga jerin manyan duniyoyi. Shi dai bai sani ba, yana ci gaba da zagayensa na shekara 248. A ƙasa kuwa aka sake rubuta littattafan makaranta, tara ta koma takwas, har Ingilishin Amurka ya sami sabon aikatau daga sunansa, mai nufin rage wa abu daraja.

Ɗalibin nan mai raina 1 ga Janairu, a wannan rana ce sabon kasafin kuɗin Nijar yake fara aiki, kuma cikinsa ne aka rubuta kuɗin tallafin karatunsa.