Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi



Yau za mu ɗan ajiye maganar jigo da salo, mu taɓo maganar abinci, tunda mun san yawancinmu ba littafi ne ke ciyar da mu ba. Wanda ya iya Hausa da Turanci, ya kuma iya tsara jimla, yakan wayi gari yana fassara wa ƙungiyoyi takardu, yana gyara rahoto, yana rubuta wasan rediyo na wayar da kai, ko yana zagaya ƙauyuka da rikoda yana hira da jama'a. Sannu a hankali aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai ya jawo aboki, ya jawo wata ƙanwa da ta gama jami'a, a yi rajista a hukumar CAC, a kama ɗaki ɗaya a saman bene, a kafa allo: kamfanin ba da shawara. Mu ma ta nan muka biyo, kuma a kan wannan hanyar muka yi kuskuren da ya sa muka ɗauki alƙalami yau.

Wata shekara mun samu aikin da ya fi duk wanda muka taɓa samu girma. Wata ƙungiya ce ta ba mu kwangilar jin ra'ayoyin mata masu sana'a a cikin gida. Mazan cikinmu iyakarsu zaure, don haka wata matashiya daga ma'aikatanmu ita ta shiga gidajen. Ita ta zauna da matan, ita ta saurari hirarrakin ta mayar da su rubutu, ita ta fassara. Ita ce kuma ta lura da abin da ya zama ƙashin bayan rahoton gaba ɗaya: matan da muka tattauna da su sun fi kuka da bashin da dangi da maƙwabta ke ci ba su biya fiye da ƙarancin jari. Ranar gabatar da rahoto mu muka sa manyan riguna muka tafi Abuja, aka tafa mana. Sunanta bai fito a ko'ina ba. Da muka dawo muka ce wa kowa sannu da ƙoƙari, muka sayo shinkafa da kaza aka ci. Kuɗin aikinta kuwa sai da ya kwana biyu, domin mun ce masu aikin ba su cika mana ragowar ba.

Ba ta ce uffan ba. Bayan 'yan watanni ta kawo takardar ajiye aiki. Da ɗaya daga cikinmu ya matsa mata da tambaya, sai ta ce, "Malam, jinkirin kuɗin na haƙura da shi. Amma na nemi wani aiki aka ce in kawo abin da na taɓa rubutawa. Na duba duk shekarun da na yi a nan, ban samu takarda ɗaya mai ɗauke da sunana ba."

Wannan magana ta daɗe tana mana yawo a kai. A ganinmu mun gode mata, ita kuwa abin da ta gani shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ra'ayinmu a yau shi ne, godiya ga ma'aikaci a irin wannan sana'a abu uku ce: hakkinsa a kan lokaci, sunansa a kan aikinsa, da hanyar da zai bi ya wuce inda yake. Haɗin kan da kowane mai kamfani ke nema daga nan yake tsirowa.

Dalilin da ya sa abin ya fi tsanani a sana'armu a fili yake. Mai shagon atamfa a Kantin Kwari idan ya garƙame ƙofa da yamma, jarinsa na ciki. Mu idan muka kulle ofis, tebur da kwamfuta da janareta kawai muka kulle. Abin da muke sayarwa yana cikin kawunan mutanen da suka hau adaidaita sahu suka tafi gida, kuma babu tabbas gobe za su dawo da zuciya ɗaya.

Mu fara da hakki. A shekarar 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000, daga naira 30,000 da aka tsayar a 2019. Amma dokar ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma kusan duk kamfanoninmu a nan suka faɗa. Ma'ana, babu hukumar da za ta zo ta tilasta mana, imaninmu ne kawai zai yi mana linzami. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota kaɗai na iya cinye kaso mai yawa na abin da muke ba yaro a wata. Gaskiya ne masu ba da aiki suna riƙe kuɗi, wani lokaci sai an yi ta sintiri da takardar neman biya. Amma kasadar kasuwanci ta mai kamfani ce, tunda ribar ma tasa ce. Abin da muka koya da baƙar wahala shi ne, da zarar kason farko na kwangila ya shigo, a fara ware ladan masu aiki da kuɗin motarsu da na data, rabon masu kamfani ya zo ƙarshe. Idan jinkiri ya zama dole, a faɗi gaskiya, a sa rana, a kuma cika. Addininmu ya kwaɗaitar da a sallami ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba. Wanda kake riƙe da kuɗinsa, duk yabon da ka yi masa romon baka zai ɗauke shi, kuma yana da gaskiya.

Sai dai biya shi kaɗai bai isa ba, kamar yadda maganar wannan matashiya ta nuna. A 1959 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Frederick Herzberg, ya fitar da sakamakon hirar da shi da abokan aikinsa suka yi da injiniyoyi da akantoci kimanin 200 a yankin Pittsburgh. Sun tambaye su lokacin da suka fi jin daɗin aiki da lokacin da suka fi jin haushinsa. Ya lura cewa abubuwan da ke ɓata rai, irin su tsarin kamfani da mu'amalar shugaba da yanayin wurin aiki da albashi, daban suke da abubuwan da ke sa mutum ya so aikinsa, wato cin nasara, a san shi ne ya yi, a damƙa masa amana, a ga yana ci gaba. Gyara na farkon yana rage ƙorafi, na biyun ne ke kawo himma. Masana sun yi ta muhawara a kan wannan nazari, amma duk wanda ya taɓa riƙe mutum biyar a ofis ya ga alamar gaskiya a ciki.

Mu marubuta bai kamata a tsaya koya mana darajar suna ba. Lokacin gasar rubutun 1933 da Rupert East ya shirya, Abubakar Imam matashin malami ne a makarantar Midil ta Katsina. Aka buga Ruwan Bagaja da sunansa a bango. Daga nan aka kira shi Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, a 1939 kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ku ƙaddara a ce sunan hukumar kawai aka sa a littafin farko, aka sallame shi da na goro. Haka nan marubutan Raina Kama a Kano, su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba, sun riƙa jera sunayen littattafan juna a cikin littattafansu, kowa yana ɗaga ɗan uwansa, ƙungiyar ta yi ƙarfi. To me zai hana mu sa shafi ɗaya a rahoto mu rubuta wa ya yi hira, wa ya fassara, wa ya tace? Me zai hana mu tafi da wadda ta yi aikin wurin gabatarwa, mu bar ta ta yi bayanin sashenta da bakinta? Idan yarjejeniyar mai aiki ta hana sa sunaye, babu abin da ya hana mu rubuta wa ma'aikaci takardar shaida mai hatimin kamfani, mu zayyana abin da ya yi dalla-dalla. Kobo ba za mu kashe ba.

Mun san amsar da wasu za su bayar, domin mu ma da ita muka riƙa lallashin kanmu: idan ka nuna yaronka ga mai aiki, gobe zai zagaya ta bayanka ya karɓi kwangilar. Wannan tsoro ba na banza ba ne, yana faruwa. Amma mu duba yadda iyayenmu 'yan kasuwa suka warware shi tun kafin a haife mu. Yaron shago yakan yi shekaru tare da maigidansa, ya koyi kaya, ya san abokan ciniki, sannan a sallame shi da jari ko da kaya bashi ya buɗe nasa. Sau da yawa wurin tsohon maigidan yake komawa sari, arziki ya ƙara faɗi. Kowa a kasuwa ya san bambancin maigidan da ya yaye yara goma da wanda ya riƙe yaro har furfura ba sallama, kuma kowa ya san ƙofar da iyaye ke kai 'ya'yansu. Mu ma muna iya rubuta yarjejeniya a fili cewa ba a ɗauke mai aikin kamfani ta bayan fage, sannan idan mutum ya ƙware ya so tsayawa da ƙafarsa, mu yanka masa wani ɓangare na aikin da ya fi ƙarfinmu. Mai tafiya zai tafi ko an ɓoye shi ko ba a ɓoye ba. Zaɓin da ya rage mana shi ne ya tafi yana abokin hulɗa ko ya tafi yana jin haushinmu.

Game da haɗa kan ma'aikata, yanzu yayi ne a kama zauren otal, a buga riguna masu tambari, a yi wasanni, a ɗauki hoto a ɗora a Facebook. Ba mu ce haramun ba ne, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da muka ga ya fi amfani ƙanana ne kuma na kullum. Zama ɗaya a mako inda kowa zai karanta wa saura abin da yake aiki a kai, kamar yadda muke yi a zaman karatun marubuta, har da mai kamfani, shi ma a gyara masa. Yabo mai kama suna, a ce "yadda kika fassara wancan sakin layi ya fi namu", maimakon "kuna ƙoƙari" da ake watsa wa kowa. Gyara a keɓe. Idan kuskure ya kai ga mai aiki, shugaba ya ɗauki laifin a waje, a dawo gida a gyara. A sa taro da rana, domin taron bayan Magariba yana nufin an cire matan aure daga shawara ba tare da an faɗa ba. Ranar suna da ranar ta'aziyya kuma a ga ƙafarmu.

Akwai tarko biyu da ya kamata mu kiyaye. Na farko kalmar nan mai daɗi, "ai mu nan gida ɗaya ne". Sau da yawa da ita ake fakewa a ƙi rubuta takardar ɗaukar aiki, a kira mutum ranar hutu, a hana shi tambayar hakkinsa don kunya. Zumunci na gaskiya ba ya tsoron rubutu. Na biyu shi ne ɗan uwa a cikin ma'aikata. Idan ƙanin mai kamfani ya makara aka yi shiru, bare ya makara aka yanke masa kuɗi, bango ya tsage ke nan, sauran aikin na ƙadangare ne.

Girma ma yana zuwa da nasa makanta. Lokacin da muke mu uku, kowa ya san abin da kowa ya yi. Da muka ƙaru, sai ya zama mai yawan magana a gaban shugaba shi ake gani, mai sunkuyar da kai yana aiki an manta da shi. Maganin da muka samu takarda ɗaya ce a gaban fayil ɗin kowane aiki, ana rubuta wanda ya yi kowane sashe tun daga ranar farko. Daga ita ake ɗauko sunayen da za su shiga rahoto, daga ita ake duba wanda ya cancanci ƙari.

Wani zai ce shi ba shi da kamfani. Amma kana da wanda ya buga maka rubutu a kwamfuta, da wadda ta tace maka shi har tsakar dare, da wanda ya zana bango. Ka biya su? Sunansu yana cikin littafin? Kuma idan kai ne ke yi wa wani aiki a yanzu, ka nemi takardar shaidar abin da ka yi tun kana ciki, cikin ladabi, kada ka jira ranar rabuwa.

Ita wannan matashiya daga baya mun rubuta mata takarda, muka jera duk ayyukan da hannunta ya taɓa, muka aika mata. Ta yi godiya, amma ba ta dawo ba, kuma har yau idan aikin shiga gidaje ya zo sai mun tuna da ita.

Wanda ya taɓa zama a ɗaya daga kujerun biyu, ta maigida ko ta yaro, muna son jin yadda ta kaya da shi. Allah Ya ba mu ikon sauke hakkin waɗanda ke ƙarƙashinmu. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.