SHARHI: Yadda layin dogo ya sake tsallake kwarin Haɗejia

Jirgin ƙasa bai taɓa shiga garin Haɗejia ba. Lokacin da Turawan mulkin mallaka suka miƙa layin dogo daga Kano zuwa Nguru, wanda ya isa can a 1930, sun bi da shi ta Ringim, Taura, Gagarawa, Malam Madori da Birniwa, ta kan tudu, nesa da fadamar da Kogin Haɗejia ke malalewa duk damina. Gyaɗa suke nema da fatu, don haka inda yashi yake nan suka bi.

Wannan zaɓi ne ya raya Malam Madori. Kamfanonin sayen gyaɗa suka kafa kantuna da ma'auni a bakin tasha, jakuna da raƙuma suna kawo buhuna daga ƙauyuka, daga baya motoci suka karɓe su. Wato tun asali mota 'yar aiken jirgi ce, kafin ta zama kishiyarsa.

A 1964 jiragen ƙasan Najeriya sun ɗauki fasinjoji sama da miliyan 11. Bayan shekara goma, adadin bai kai rabin haka ba. Fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka raba layin Nguru da babban kayansa, kuɗin man fetur kuma ya tafi wajen shimfiɗa kwalta da sauƙaƙa farashin mai. Direban babbar mota yana lodi a bakin gona, ya sauke a ƙofar shago. Jirgi ba ya iya haka, ballantana wanda ba a san ranar zuwansa ba.

Yau lissafin ya canza. Shinkafa, alkama, riɗi da busasshen kifin da ke fita daga Haɗejia da Auyo duk a kan taya suke tafiya, ga tsadar mai, ga titunan da ambaliya ke yankewa kamar yadda aka gani a 2022. Manomi ne ke biyan wannan tsada, domin ɗan kasuwa yana cire ta daga farashin buhu tun kafin ya taya.

Amma sabon layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ta Kazaure ya bi, reshensa kuma Dutse ya nufa. Gabashin Jigawa an bar shi da tsohon siririn layi.

Uzurin cewa dogo hurumin Abuja ne kaɗai ya faɗi tun Maris na 2023, lokacin da gyaran tsarin mulki ya bai wa jihohi ikon shiga harkar. Abin da ya kamata Gwamnatin Jigawa ta fara yi ba alƙawarin sabon layi ba ne: ta ƙididdige tan nawa ke fita daga kwarin a shekara, sannan ta zauna da Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya kan jirgin kaya mai tsayayyen lokaci daga Malam Madori.