Kimiyya ba ta Fi Ƙarfin Yaro Mai Otizim ba

Sanin kowa ne cewa a ƙauyukan ƙasar Gobir, irin su Kamarawa da sauran garuruwan Isa da Sabon Birni, akan sami yaron da ba ya haɗa ido da mutane, maganarsa kaɗan ce, yana kuma maimaita abu guda ba gajiya. Wasu kan ce aikin iska ne, sai a tsare shi a gida. Alhali tun cikin 1943 wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana wannan hali da ake kira otizim. Asalinsa daga yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa ne. Wasu masu shi kan haɗa da nauyin fahimta.

Kuskure ne babba a ɗauka cewa darasin kimiyya ya fi ƙarfin irin wannan yaro. Kimiyya daga lura take farawa, shi kuwa sau da yawa gwanin lura ne. Doguwar magana da hayaniya da canjin ba-zata su ne ke rikita shi.

Saboda haka malami ya riƙe karin maganar nan, gani ya kori ji. Ya kawo ruwa a kwano, da tsakuwa da ɓallin ƙwarya, yaro ya jefa da hannunsa, ya ga mai nutsewa da mai tasowa. Ya ba shi gero da dawa da wake ya rarrabe. Su shuka wake a gwangwani biyu, a shayar da ɗaya a bar ɗaya. Darasi guda, kalmomi ƙalilan, a wuri guda da lokaci guda kullum. Wajen jarrabawa kuma a bar shi ya nuna da hannu ko da hoto, kada a tilasta masa furuci.

Wani zai ce yankin da 'yan bindiga suka tarwatsa makarantunsa ba ya da sukunin wannan. To, ai kayan aikin duk suna cikin gida. Makarantar A. A. Raji ta masu buƙata ta musamman tana can birnin Sakkwato, nesa da talakan Kamarawa, don haka nauyin yana kan malamin firamare na gari. Bugu da ƙari, dokar hana wariya ga naƙasassu da aka sa wa hannu a 2019 ta tabbatar musu da haƙƙin ilmi.

Ya kamata kwalejojin horon malamai su sa wannan dabara cikin manhajarsu. Ɗalibai kuma su daina tsokanar irin waɗannan yara, su ja su a jiki.