Filin Sana'ar Uwargida: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

A wannan watan za mu tattauna ne a kan haɗa sabulu, musamman shirin da ya kamata ki kammala tun kafin ranar haɗi.

Abin da ke gajiyar da mata da yawa a wannan sana'a shi ne tara komai a yini ɗaya. Ga jiƙa soda, ga narka mai, ga neman mazubi, ga girkin rana yana jira, ga yara sun dawo makaranta. A cikin wannan gaggawa ne ake kuskuren awo, sabulu ya fito yana cin hannu ko ya ƙi daskarewa, jari ya salwanta. Maganin abin shi ne ki raba aikin gida biyu: ranar shiri daban, ranar haɗi daban.

Ki fara da ruwan soda, domin shi ya fi buƙatar lokaci. Da zarar soda ta haɗu da ruwa sai ya ɗauki zafi kamar zai tafasa, kuma sai ya huce ake haɗa shi da mai. Don haka ki jiƙa tun ana gobe. Ki sa safar hannu ta roba da tabarau, ki tsaya a inda iska ke kaɗawa. Ruwa ake fara zubawa a bokiti, sannan a riƙa barbaɗa soda a hankali ana juyawa. Kada ki taɓa zuba ruwa a kan soda, domin yana iya fantsamo miki. Ki yi amfani da bokitin roba mai kauri, ban da tukunyar alminiyam, saboda soda tana cin ta. Idan ya huce ki rufe ruf, don iska tana rage masa ƙarfi.

Sai batun mai. Man ja ana soya shi a kan wuta kaɗan-kaɗan har jan ya washe, a bar shi ya huce, a tace. Man kaɗanya da alayyadi kuwa daskarewa suke yi, musamman da hunturu, sai an narka. Ki auna kowanne da sikeli, ki zuba na kwaɓi ɗaya a roba ɗaya. Ki sani kowane mai da adadin sodar da yake ci. Kilo 1 na man ja yana buƙatar kimanin giram 135 na soda, na man kaɗanya kimanin 120, na man kwakwa kuwa kimanin 175. Ruwan jiƙo kuma ya ninka nauyin sodar sau biyu. Saboda haka ki rubuta a jikin kowace roba irin man da ke ciki da nauyinsa, don kada ruwan sodar wani mai ya faɗa wa wani.

A daren ne kuma za ki jera turare da kala, ki shimfiɗa leda a mazubi, ki ajiye muciyar da kika keɓe wa sabulu kaɗai. Washegari ba abin da ya rage sai ki ɗumama man idan ya daskare, ki tsiyaya ruwan soda a ciki, ki juya har ya yi kauri kamar kunu, ki sa turare, ki juye. Bayan kwana 1 ko 2 ki yanka, ki shanya a inuwa mako 4 zuwa 6 kafin a yi wanka da shi.

Amma uwargida, wannan sauƙi yana tafe da amana. Ruwan sodar da zai kwana a gidanki ba shi da bambanci da ruwan sha a idon yaro. Kurɓa ɗaya tana ƙona baki da maƙogwaro, har ta kai yaro ya kasa haɗiye abinci sai da aikin likita. Kada ki kuskura ki zuba shi a gorar ruwa, robar lemo ko kofi. Ki yi wa bokitin alama, ki kulle shi a ɗakin ajiya, ki riƙe makullin a hannunki, ki kuma sanar da maigida da duk manyan da ke gidan. Idan ba ki da wurin kullewa, gara ki haƙura da jiƙon kwana, ki jiƙa da safe bayan yara sun tafi makaranta.

Idan tsautsayi ya sa ya taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 20, na ido kuma a wuce asibiti. Idan yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa man ja ko lemon tsami, a garzaya da shi asibiti nan take.

Allah Ya sa albarka a sana'armu, Ya tsare mana zuri'a. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.