Layin motocin gidan kaza da ya kusa jawo wa Chick-fil-A rufe taga a Amurka

Akwai wani salon ciniki da Amurkawa suka saba da shi, wanda yanzu muke ganin irinsa jefi-jefi a Legas. Mutum zai shigo harabar gidan abinci da motarsa, ya faɗi abin da yake so, ya matsa gaba zuwa taga, a miƙo masa a leda, ya wuce. Ko sauka ba ya yi. Ga mai saye abin daɗi ne. Ga wanda gidansa ko shagonsa ke kusa kuwa, wani lokaci fitina ce.

Abin da ya faru ke nan a Santa Barbara, wani gari a bakin teku a jihar Kalifoniya. Tun 1979 garin ya hana buɗe sababbin tagogin saye daga mota. Waɗanda dokar ta tarar aka bar su su ci gaba. Ɗaya daga ciki wani fili ne a kan titin State, wanda Burger King ke ciki a da. A 2013 kamfanin Chick-fil-A, mai sayar da soyayyar kaza a cikin burodi, ya karɓi wurin, ya gaji tsohon izinin.

To, a nan gizo ke saƙa. Izinin dai shi ne, filin ma bai ƙaru ba, amma masu saye sun ninka. Da korona ta zo a 2020 aka daina zama a ci a ciki, sai kowa ya koma taga. Layin motoci ya cika harabar, ya malalo kan titi. Masu keke suka rasa hanyarsu, masu tafiya a ƙasa sai sun ratsa tsakanin motoci, bas na shan wahalar isa inda take tsayawa. Ma'aikatan garin suka zauna suka ƙirga, suka ce layin kan toshe hannu ɗaya na titin har minti 91 a ranakun aiki, ranar Asabar kuma har minti 155. Lahadi ce kawai ake hutawa, don kamfanin ba ya buɗewa ranar.

A watan Maris na 2022 majalisar garin ta zauna kan ko za ta ayyana tagar a matsayin abin da ke cutar da jama'a. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin da an yi hakan, tsohon izinin zai iya faɗuwa, kuma sabo ba zai samu ba tunda doka ta hana. Sai aka ba kamfanin wa'adi zuwa watan Yuni ya gyara. Ya zuba ma'aikata masu ba da hannu, ya kawo tsarin yadda zai sauya harabar don ta ɗauki ƙarin motoci. Da Yuni ta zo majalisar ta janye barazanar.

Ni a ganina majalisar ta yi daidai, amma ba don ta ji tausayin kamfani ba. Ta gane ainihin tambayar: wa zai samar da wurin da layi zai tsaya? Titi na kowa ne. Idan cinikinka ya fi ƙarfin filinka har kwastomominka suka koma tsayawa a kan hanya, to ribar taka ce, wahalar kuma ta maƙwabta. Wanda ya taso a kara ya san wannan ba sai an yi masa bayani ba. Tirela biyu su zo sauke shanu lokaci ɗaya, wurin saukewa ya cika, ta uku ta tsaya a bakin titi, nan da nan 'yan unguwa sun fara ƙorafi. Kuma wallahi ba kowane ƙorafi ne ƙiyayya ba, wani da gaskiyarsa.

Sai dai akwai ɓangaren da ba na so a tsallake. A watan Agustan 2019 birnin Miniyapolis ya hana sababbin tagogin mota baki ɗaya, ba na abinci kaɗai ba, har na banki da kantin magani. Hujjarsu hayaƙin motocin da ke tsaye a kunne, da hayaniya, da haɗari ga masu tafiya a ƙasa. Masu larurar nakasa da tsofaffi suka ce a'a, su fa wannan tagar ce ke sauƙaƙa masu karɓar magani ba tare da sun sauka ba. Ka ga hani na bai ɗaya yana da nasa waɗanda yake cutarwa. Hanyar Santa Barbara ta ƙirga mintoci a ba da wa'adi ta fi kama da adalci.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda aka bi. An auna, an rubuta rahoto, an kira zama a fili, mai kasuwa ya yi magana, maƙwabta sun yi, aka ba da wata uku. Ba a wayi gari da katafila ba. Mu da muke kasuwanci a biranen Kudu mun san yadda labarin "za a sake tsara wurin nan" yake zuwa mana, sau da yawa sai takarda ta riga ta manne a bango. Shi kuwa Chick-fil-A yana da lauyoyi da injiniyoyin hanya da zai ɗauka su zana masa sabon tsari cikin wata uku. Da mai ƙaramin shago ne a wannan fili, ban tabbata zai iya biyan kuɗin zanen ba, balle na aikin.