Kaya Ke Zaɓar Mota: Darasi Daga Shuwak

Garin Shuwak yana bakin kogin Atbara a jihar Gadarif ta gabashin Sudan, a kan babbar hanyar da ta taso daga Khartum ta bi ta Gadarif da Kasala zuwa Bur Sudan. Hausawa sun daɗe a wannan yanki. Wasu jikokin mahajjata ne da suka yada zango a hanyar Makka, wasu kuma noman dawa da riɗi ne ya zaunar da su. Motar da ta fi yi musu aiki ita ce a-kori-kura, wadda mutanen Sudan ke kira boksi. Mai niyyar doguwar tafiya yakan kai ta wurin mai walda a kafa mata rumfar ƙarfe, a rufe da tamfol, ta zama ɗakin kwana idan dare ya riske shi a hanya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara sayen mota, sannan a yi tunanin abin da za ta ɗauka. Kamata ya yi a fara da lissafin kaya.

Kowace mota tana da iyakar nauyin da kamfani ya ƙayyade mata. Irin su Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a 1968, abin da suke ɗauka bai wuce kimanin kilo 1,000 ba, kuma direba da fasinjoji suna cikin wannan adadi. A ɗauki misalin iyali mai manya shida, kowanne kilo 70: kilo 420 ke nan. Rumfa da shimfiɗa da kayan girki su ci kilo 200. Jarkar ruwa biyar masu lita 20 kilo 100 ne, domin litar ruwa kilo ɗaya ce. Jarkar dizal uku kusan kilo 50, ƙarin taya da jak da kayan gyara wani 50. An kai kilo 820 tun ba a ɗora hatsi ba. Abin da ya rage buhu biyu ne kacal na dawa mai kilo 90. Buhu na uku sifirin da birki da tayoyi ne za su biya kuɗinsa.

Wurin da aka aza nauyin ma abin lura ne. Kaya masu nauyi su zauna ƙasa, a gaban tayoyin baya. Idan suka koma can ƙarshen mota, gabanta yakan yi sauƙi, sitiyari ya daina jin magana. Rumfa mai tsayi da aka jibga wa kaya a sama kuwa ita ke kifar da mota a kwana.

Bayan kaya sai hanya. Ƙasar Gadarif baƙar laka ce mai darewa da rani, amma daga Yuni zuwa Oktoba, da zarar ruwa ya sauka, takan zama taɓo mai riƙe taya. Wanda zai sauka daga kwalta ya shiga ƙauyukan Fashaƙa yana bukatar mota mai jan ƙafa huɗu, kuma kowane kilo da ya ƙara yana ƙara nutsar da ita.

Akwai masu ganin cewa maganin duk wannan shi ne babbar mota irin ta Amurka, wadda ake zura wa ɗakin kwana na kamfani a bayanta. Gaskiya ne tana ɗaukar nauyi fiye da boksi. Sai dai ranar da ta tsaya tsakanin Shuwak da Kasala, tambayar ita ce ko bakaniken da ke kusa ya san injinta, kuma ko akwai kayan gyaranta a kasuwa. Motar da kowane bakanike ya saba kwancewa ta fi amfani ga matafiyi, ko da ba ta da kyan gani.

Wasu kuma za su ce talaka ba ya iya barin kaya a ƙasa, musamman tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, iyalai da yawa suka kwaso abin da suka mallaka zuwa Gadarif da Kasala. Wannan uzuri ne mai ƙarfi. Amma motar da ta karye a daji da mata da yara a cikinta ta jawo asarar da ta fi ta buhun da aka bari. Hausawa sun ce tafiya sannu-sannu kwana nesa. Sawu biyu da kaya daidai kima ya fi sawu ɗaya da ba a kai ba.

Saboda haka mai shirin saye ya rubuta mutanensa da ruwansa da mansa da nauyin rumfarsa a takarda, ya haɗa jimla, sannan ya nufi kasuwar motoci da wannan adadi a aljihunsa.